Rigar Darakta da Shekarar Rusau

Kun ce a wata uku za ku iya. Haka aka rubuta a takardar da kuka cike kafin a turo ku wajena, haka kuma ɗaya daga cikinku ya maimaita mini jiya, har yana nuna mini a waya yadda wata mata ta gama fure kafin shayi ya huce. Ban yi musu ba. Na gaji da musu tun kafin a haifi wasunku. Amma ku ajiye wayoyin, ku matso da kujerunku, in gaya muku yadda aikin allura yake, ko da a ƙarshe ba shi za ku yi ba.

Sunana Haruna. A Abaji aka haife ni, gidanmu kuma gidan noman doya ne. Ban zaɓi allura ba. Ina da shekara goma sha biyu na faɗo daga bishiyar mangwaro, ƙafar hagu ta karye a cinya, mai ɗori ya ɗora, ta warke a karkace. Mai irin wannan ƙafa ba ya yini a sunkuye yana tada kunya. Babana ya yi damina guda yana kallona ina bin 'yan'uwana gona ina dawowa da rana tsaka. Da kaka ta yi sai ya kai ni rumfar Malam Ndako, wani Banufe mai aikin manyan riguna a bakin kasuwa, ya ce, "Malam, ga shi nan. Ƙafa ta ƙi, a gwada hannu."

Aikina na farko a wannan rumfa wata tsohuwar riga ce shuɗiya, wadda mai ita ya rasu, magada suka kawo a cire aikin a sake. Malam ya miƙo mini ita da ɗan tsinke ya ce in warware. Na ɗauka aikin kwana biyu ne. Sati bakwai na yi. Ba a yanka zaren, bin sa ake yi baya-baya, ta inda ya shiga ta nan zai fito, in ka ja da ƙarfi ka huda yadin. Da na gama ya ba ni wata. Shekara guda cur ban saka zare a yadi ba, sai cirewa. A nan na san hannun mai gaggawa da hannun mai haƙuri, na san inda mutum ya ji yunwa ya fara faɗaɗa ɗinki, na san inda aka canza ma'aikaci a tsakiyar aska, wato dogon zanen nan mai tsini na gaban riga.

Da ya yarda in fara ɗinki, shi yake zana aikin da alƙalamin kara da tawada mai fita a wanki. Sai ya ninke yadin, ya bar mini fili kamar tafin hannu, ya kafe sauran da allurai. Wata rana layin ya lanƙwasa ya shige ƙarƙashin ninkin, na rasa ko hagu zai yi ko dama. Na ce, "Malam, in buɗe in ga inda ya nufa?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Wa ya zana?"

Na ce, "Kai ne."

"To cike wanda ke gabanka. In ka kai bakin ninkin zan buɗe maka."

Shekara bakwai na yi a gabansa kafin ya bar ni in ga riga a shimfiɗe tun daga farko.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Allura iri uku: siririya ta cikon aska, matsakaiciya ta zagaye, da mai kauri ta bakin wuya. Tsinken ƙarfe na huda ƙananan ramukan nan da ake zagaye wa da zare ɗaya bayan ɗaya, su ne ke cinye ido. Ƙaramin almakashi wanda ba a yanka komai da shi sai zare. 'Yar fata da ake ɗaura wa yatsa. Sai tabarma da bango, don bayanka ya samu abin jingina. Ba a cin goro a kan farar shadda, ba a taɓa ta bayan an ci abinci mai manja sai an wanke hannu sau biyu. Aiki daga hantsi ne zuwa la'asar. Hasken da ya wuce wannan yaudara ne, za ka ga kamar daidai kake yi, da safe ka warware.

Lokacin da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, sai labari ya riƙa zuwa Abaji cewa a Abuja riguna sun fi masu ɗinka su yawa. Malam ya tsufa, hannunsa ya fara rawa. Ya kira ni ya ba ni wata jakar fata, a ciki akwai takardun zanensa duka, wasu tun na ubangidansa ne, sun yi ja don tsufa. Ya ce, "Tafi. Nan ba sauran mai sa irin wannan."

Na sauka a Kubwa, a gefen Abuja. Na samu rabin kwantena a bakin wani layi, an raba ta da katako. Ɗaya rabin na Madam Rifkatu ne, wata bazawara daga wajen Filato, mai ɗinkin kayan mata da na 'yan makaranta da na zumuntar mata na cocinsu. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ranar farko ta leƙo ta ga ina zaune a tabarma ta ce, "Malam, keken ka yana ina?" Na nuna mata allura. Ta riƙe baki ta ce, "Kai, Allah ya taimake ka."

Ya kuwa taimaka, na wasu shekaru. Ban taɓa ganin shadda irin ta wannan lokacin ba. Da asuba bas-bas ke kwashe ma'aikata zuwa cikin gari, da hantsi kuma sai manyan motoci su shigo layinmu suna kaucewa kwata. Yawanci direba ake aikowa. Ya ajiye leda ya ce, "Oga yana so kafin Juma'a." In ce masa aikin wata huɗu ne. Ya kira oga a waya, oga ya ce ko nawa ne a yi. Sai in yi ta bayanin cewa ba maganar ko nawa ba ce, yatsa goma Allah ya ba ni. Akwai wani ɗan majalisa da bai taɓa sa babbar riga ba sai da ya ci zaɓe. Ya zo gwaji ya zura ta gaba a baya, aljihu a gadon bayansa, yaransa suna cewa ta yi masa kyau. Ni na juya masa ita. Irin waɗannan ba sa duban aiki, nauyin rigar suke ji a hannu su ce madalla.

Alhaji Mansur daban ne. Darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, ya yi karatu a waje, rabin maganarsa Turanci ne, amma kakansa mai aikin riga ne, kuma ya zauna a gabansa yana yaro. Da kansa yake zuwa. Ranar da ya fara zuwa ya ɗauki wata riga da na gama, bai dubi fuskarta ba, sai ya juya cikinta yana bin ƙulle-ƙullen da yatsa. Ya ce, "Wa ya koya maka?" Na gaya masa. Ya ce, "Ya iya." Daga nan duk shekara sai na yi masa ɗaya.

Wata shekara bayan ƙaramar Salla ya kawo farar shadda da zaren tsamiya na gaske, silikin nan na gargajiya, wanda ya aika aka nemo masa daga gida. Ya zauna a kan bencin Madam Rifkatu ya rage murya ya ce, "Malam Haruna, aska takwas nake so, da tambari gaba da baya. Na zauna jarrabawar babban sakatare, an ce na yi na ɗaya a jiharmu. In Allah ya yarda da ita zan yi rantsuwa. Kada ka yi sauri. Waɗannan abubuwan gwamnati suna ɗaukar lokaci."

Na ce, "Allah ya tabbatar da alheri, ranka ya daɗe."

Na buɗe jakar Malam na zaɓi zanen da ban taɓa yi wa kowa ba. Na ƙi karɓar aikin kowa. Wata biyar ina kanta, na gama askakan, na gama tambarin baya, saura cikon aljihu da bakin wuya.

A cikin watannin nan ne aka zo aka shafa wa layinmu jan fenti. Ku da kuka tashi a nan kun ji labarin rusau a bakin iyayenku. An ce unguwar ba ta cikin tsarin birni. Mai filin ya tara mu ya ce kada kowa ya damu, takardunsa na nan, ya ga waɗanda ya kamata ya gani. Wata ɗaya ya wuce, biyu, uku, ba abin da ya faru. Ruwa ya wanke rabin fentin. Muka saba da shi kamar yadda ake sabawa da tabo.

Sai aka aiko daga Abaji cewa Malam Ndako ya rasu. Na ninke rigar na naɗe ta a zane, na sa a kan kanta tare da jakar takardu, na kulle, na ba Madam Rifkatu makulli na ce kwana uku zan yi. A rana ta biyu, muna zaman gaisuwa, wayata ta yi ƙara. Muryarta na ji cikin hayaniya: "Malam, katafila ya zo! Sun fara daga bakin titi!"

Kafin in samu mota in iso, la'asar ta yi. Ban gane layinmu ba. Da bishiyar dogon yaro na gane inda shagon yake. An murƙushe kwantenar kamar gwangwanin madara. Madam Rifkatu na zaune a kan kan kekenta, wanda ta cire ta gudu da shi, ƙafarta tana jini, ta rungume wani ƙunshi. Ta ce minti kaɗan aka ba su. Ta fitar da keken, ta koma ta buɗe ɓangarena, rumfar kwanon gaba ta riga ta faɗo, ta ja ƙunshin ta ƙarƙashinta. Jakar takardun ta faɗa ta baya, ta miƙa hannu ba ta kai ba, wani ɗan sanda ya fizgo ta waje.

Ta ce, "Rigan ya ji ciwo, Malam. Ka yi haƙuri. Kwano ne ya kama shi."

Na buɗe. A baya, ƙasa da tambari, yadin ya tsage fiye da taƙi ɗaya. Na ninke na mayar. Na yi kwana biyu ina tona tarkace da hannu ina neman jakar. Masu jari-bola sun riga ni. Zanen mutum biyu, na tsawon rayuwarsu, ban samu ko ƙyallen takarda ɗaya ba.

Ɗakin da nake haya shi ma yana cikin layin da aka shafa wa fenti. Na mayar da iyalina Abaji. Madam Rifkatu tana da ƙane mai noma a Jiwa, wani ƙauye a bayan gari, can ta koma, ita ta roƙi wani dattijo maƙwabcinsu ya ba ni ɗakin da yake ajiye masara. A barandar ƙanen nata ta kafa keke, ni kuma na shimfiɗa tabarma a gefe, kaji suna bi ta kanmu.

Gyaran tsagar nan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Sake sabuwar shadda na nufin zubar da wata biyar da zaren da ba zan sake samu ba. Sai na zaro zare daga cikin kalmasar gindin rigar, sili ɗaya-ɗaya, na saƙa bakin tsagar da shi har ya haɗu. Ya haɗu, amma mai ido zai gani. Dole a rufe shi da aiki, kuma a zanen Malam babu komai a wannan wurin. Na yi kwana uku ina riƙe da alƙalami ban sa shi a yadi ba. Duk shekarun nan ban taɓa zana abin da ba na takardunsa ba. A rana ta huɗu na yi bisimilla na zana dagi dogo, na saƙalo shi daga gindin tambarin kamar dama can tare aka yi su. Sati shida na yi ina cike shi.

A kansa na fara ganin hazo a idon dama. Na ɗauka gajiya ce. Da na je asibiti daga baya likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare na hagun. Na gama bakin wuya da ido ɗaya. Na kai wa mabuga suka buge ta har tana ɗaukar ido.

Lambar Darakta tana cikin wani littafi da ya ɓace tare da jakar, wayata kuma an sace ta a tashar mota ranar da na kai iyali. Na je ƙofar ma'aikatarsu sau biyu, masu gadi suka ce sai da takardar izini. A zuwa na biyu wani masinja ya ji sunan da nake ambata, ya ja ni gefe ya ce, "Baba, ba ka ji ba? Sunaye sun fito, babu nasa. Kuma an yi rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka yi wa ritaya. Ya fi wata biyu bai zo ba." Bai san gidansa ba.

Rigar ta kwanta a akwatin Madam Rifkatu fiye da shekara. A wannan shekarar ce kekunan surfani masu kwamfuta suka cika gari, suna fitar da aska takwas a yini ɗaya. Direbobin da ke nemana ba wanda ya biyo ni Jiwa. Na koma sa maɓalli da kalmasa a kayan 'yan makarantar da Madam Rifkatu ke ɗinkawa, ni da na yi shekara bakwai a gaban Malam. Wata rana ta ga na daɗe ina neman ramin allura ban samu ba, ta karɓa ta zura mini. Ta ce, "Malam, kai kana salla sau biyar, ni ina zuwa coci. Ka taɓa tambayan shi me ya sa?"

Na ce, "Na tambaya."

"Ya ce me?"

"Bai ce komai ba tukuna."

Ta taka kekenta ta ce, "Ni ma haka. To mu ci gaba, kafin ya yi magana."

Ba zan ɓoye muku ba, na taɓa ɗaukar rigar nan na kai kasuwa. Yarana biyu an koro su daga makaranta, na ce wa kaina mai ita ba zai dawo ba. Dillalin ya ɗaga ta, ya jinjina, ya ce aikin tsofaffi ne, yanzu ba a yayinsa, ya jefa ta a kan tulin na kwamfuta. Da ya yaba, da wataƙila na sayar, in zo ina neman gafara daga baya. Jifar da ya yi mata ce ta sa na ɗauke abata. A mota ina dawowa na tuna ba ma tawa ba ce.

Wata Asabar da hantsi, cikin damina, muna baranda, sai ga wani mutum yana tahowa a ƙafa ta hanyar gona, yana ɗage wando saboda taɓo. Sai da ya yi sallama na gane muryar. Ya rame, furfura ta cika masa gemu, hannunsa na hagu yana riƙe da shi a jikinsa. Ya ce ciwo ya kwantar da shi wata takwas. Da ya tashi ya je Kubwa bai ga layin ba, ya yi ta tambaya har aka kai shi wajen mabuga, su suka yi masa kwatance. Ya bar motarsa a bakin titi don hanyar ba ta biyuwa.

Madam Rifkatu ta goge masa benci. Ya zauna ya ce, "Jibi zan bar Abuja. Gwamnati ta karɓi gidanta. Zan koma garinmu, akwai gonar mahaifina. Na ce ba zan tafi ban san abin da ya same ka ba." Bai tambayi rigar ba.

Na shiga na ɗauko ta. Ya daɗe yana kallo a cinyarsa. Ya juya cikinta yadda ya saba, ya bi aljihun da yatsa. Sannan ya miƙe, muka taimaka masa ya zura, saboda hannun. Babu madubi a gidan. Ya tsaya a tsakar gida tsakanin jarkokin ruwa, ya dubi ƙirjinsa, ya ce, "Ranar da na ga sunayen nan, Malam Haruna, na yi kwana uku ban iya cewa alhamdu lillahi ba. Bakina ya ƙi. Shekara talatin ina shirya abu ɗaya."

Na ce, "Yanzu fa, ranka ya daɗe?"

"Yanzu ina faɗa. Ban ce na gane ba, amma ina faɗa."

Sai na gaya masa maganar tsagar. Da na yi shiru da ba zai taɓa sani ba, amma na faɗa masa duka: kwanon, da zaren da na zaro daga kalmasa, da dagin da ba ya cikin zanen da muka yi magana a kai. Na ce in yana so ya cire ya duba.

Ya kai hannun dama baya, bai kai wurin ba. Ya yi ƙoƙarin waiwayawa, wuyan ya ƙi. Ya ce, "Kai da ka yi, ka gan shi?"

"Na gani."

"Ya zauna?"

"Ya zauna, ranka ya daɗe."

"To shi ke nan. Bayan ai ba ni ke ganinsa ba."

Ya ƙi cire ta. Ya sallame ni yadda ya kamata, ya yi wa Madam Rifkatu godiya har sau biyu da ya ji ita ta jawo ta daga ƙarƙashin kwano. Na ce zan raka shi, ya dubi ƙafata da taɓon hanya ya ce in zauna. Ya tattara gindin rigar da hannu ɗaya ya kama hanya.

Ban taɓa ganin aikina daga nesa ba sai ranar. Kullum a cinyata yake, taƙi ɗaya daga hancina. Na tsaya a ƙofar gida na rufe mataccen idon da tafin hannu, ina kallon farar rigar tana tafiya a hankali tsakanin masara, tambarin da dagin suna motsi tare. Daga inda nake, ni kaina ban iya nuna inda ta tsage ba.

Ban sake ganinsa ba, ban kuma ji labarinsa ba. Na tsaya har ya sha kwana. Sannan na koma tabarmata, don akwai rigunan 'yan makaranta goma sha biyu da ke jiran maɓalli kafin Litinin.